Ga Murna Ga Kewa: Harshen Ɗalibin da Ya Dawo Gida Bayan Zangon Karatu a Ƙasar Waje

1.0 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayani a kan dangantakar da ke tsakanin harshe da al'umma. A wannan darasi za a ɗauki yanayi guda ɗaya a dube shi da idon mai nazarin harshe, wato halin da ɗalibi yakan sami kansa a ciki idan ya dawo gida bayan ya yi zango ɗaya na karatu a wata ƙasa. Irin wannan ɗalibi yakan sauka cike da murnar ganin iyaye da 'yan'uwa. Bayan kwana biyu sai a ga jikinsa ya yi sanyi, ya rage magana, ko kuwa ya cika mutane da labarin inda ya baro har su ƙosa. Mutanen gida sukan fassara wannan da girman kai ko raina asali, shi kuma yakan ɗauka cewa ba a damu da abin da ya gano ba.

Abin da darasin yake son ya nuna shi ne, mafi yawan wannan saɓani a bakin magana yake aukuwa: a wajen gaisuwa, da zaɓen wakilin suna, da irin mahaɗin da aka sa tsakanin jimloli biyu. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bambance kalmomin Hausa masu bayyana motsin rai, ya gane sigogin jimla da ake faɗin abubuwa biyu masu karo da juna da su, ya kuma san yadda zai yi amfani da wannan a aji idan ya zama malami.

2.0 Asalin Zangon Karatu a Waje

Tsarin da ɗalibi zai bar jami'arsa ya je wata ƙasa ya yi wata huɗu ko biyar, sa'an nan ya dawo ya ci gaba da karatu a inda ya tsaya, ya fi ƙarfi a Turai da Amurka. A 1987 ƙungiyar ƙasashen Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, ta ƙaddamar da shirin musayar ɗalibai mai suna Erasmus, sunan wani malami ɗan birnin Rotadam na ƙasar Holan da ya rasu a 1536, wanda ya yi yawon neman ilimi a ƙasashe da dama. A shekarar farko ɗalibai 3,000 da 'yan kai ne suka amfana da shirin, daga baya adadin ya kai miliyoyi. A 2014 aka faɗaɗa shi, har ya zama jami'o'in wasu nahiyoyi, ciki har da Afirka, suna iya shiga.

A Nijeriya an fi sanin wannan tsari a wajen masu nazarin harsuna. A da, ɗaliban Faransanci sukan tafi Faransa ko wata maƙwabciyar ƙasa kamar Togo domin su zauna cikin masu harshen. Da kuɗin tafiya ya yi tsada, a farkon shekarun 1990 gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas, da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno, da kuma cibiyar harsunan Nijeriya a Aba. Haka kuma jami'o'in Landan da Waso da Bejin sun koyar da Hausa shekara da shekaru, ɗalibansu kuma sun sha zuwa Jami'ar Bayero ta Kano su yi zango, su koma gida. Ke nan abin da za a tattauna ya shafi Bahaushen da ya je Turai ko Masar, ya kuma shafi Baturiya ko Basine da suka zo Kano suka saba da gaisuwarmu, suka koma inda ba a tsayawa a tambayi gajiya.

Al'adar Hausawa ta san tafiya ƙwarai. Ta san fatauci da cin rani da almajiranci da aikin hajji, ta kuma tanadar wa kowanne yadda ake karɓar mai dawowa: a tarye shi, a yi masa sannu da hanya, ya raba tsaraba. Wanda ya sauke farali yakan dawo da laƙabin da zai bi shi har ƙarshen rayuwa, almajirin da ya sauke Alƙur'ani a yi masa walima. Ɗalibin zango ɗaya kuwa bai dawo da laƙabi ko takardar digiri ba. A idon jama'a ya je ya dawo ne kawai, alhali shi a ransa yana jin cewa wani babban abu ya faru da shi.

3.0 Ra'ayoyin Masana

Masana zamantakewa da na halayyar ɗan'adam sun daɗe suna tofa albarkacin bakinsu a kan wannan batu. A 1945, daidai lokacin da sojoji suke komawa gidajensu daga Yaƙin Duniya na Biyu, Alfred Schutz ya kwatanta baƙo da mai dawowa gida. Baƙo ya san cewa zai tarar da abin da bai saba da shi ba, don haka yakan shirya. Mai dawowa kuwa yana zaton zai sami gida yadda ya bar shi, mutanen gida su ma suna zaton wanda ya tafi shi ne zai dawo, alhali kowane ɓangare ya ɗan sauya. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An fi kawo wannan karin magana a matsayin gargaɗi ga mai yin nisa da dangi, amma ana iya fahimtarsa ta wata fuskar: gida ba ya tsayawa cik yana jiran matafiyi.

A 1955 Sverre Lysgaard ya tattauna da mutum 200 'yan ƙasar Norwe da suka yi karatu ko bincike a Amurka. Ya lura cewa waɗanda suka yi ƙasa da wata 6, da waɗanda suka wuce wata 18, sun fi jin daɗin zamansu a kan waɗanda suka faɗa tsakanin biyun. Daga nan aka sami ra'ayin cewa sabawa da baƙuwar ƙasa tana bin siffar harafin U: daɗi da fari, sai ƙunci, sai kuma daidaituwa. A 1960 Kalervo Oberg ya yaɗa kalmar da za a iya fassarawa da gigicewar baƙunta. A 1963 John da Jeanne Gullahorn suka ce ai harafin W ya fi dacewa, domin mutum yakan sake faɗawa rami na biyu idan ya koma ƙasarsa.

Akwai abin lura a nan game da ɗalibin zango ɗaya. Idan aka bi lissafin Lysgaard, wata huɗu ko biyar ba su kai lokacin da ƙasar waje take fara gundurar mutum ba. Ɗalibin ya baro ta ne tana kan ganiyarta a idonsa: bai nemi aiki ya rasa ba, bai biya haraji ba, wataƙila ma bai ga hunturu daga farko har ƙarshe ba. Sai ya riƙa gwada gidan da ya san ciki da bayansa da ƙasar da ya ga farfajiyarta kawai. Wannan gwaji ba zai taɓa yi wa gida adalci ba, kuma Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Sai dai kada ɗalibi ya haddace waɗannan haruffa kamar dokar nahawu. A 1998 Colleen Ward da abokan aikinta sun bi diddigin wasu ɗaliban Japan da ke karatu a Niyu Zilan, suka tarar cewa wahalar ta fi tsanani tun a farkon sauka, ba a tsakiyar zama ba. A ganina amfanin harafin W guda ɗaya ne: ya sa an yarda cewa dawowa ma aiki ce, tana bukatar shiri kamar yadda tafiya take bukata.

4.0 Kalmomin Motsin Rai

Idan aka tambayi ɗalibin da ya dawo yadda yake ji, da wuya amsarsa ta wuce "daɗi" ko "ba daɗi". Hausa kuwa ta fi haka wadata. Dubi waɗannan jimloli:

(1a) Ina ɗokin ganin Umma.
(1b) Ina marmarin tuwon dawa da miyar kuka.
(1c) Ina kewar abokan karatuna.
(1d) Ina zulumin haɗuwa da 'yan ajinmu.

Ɗoki yana fuskantar gaba ne, wato ƙaguwa ga abin alheri da ake jira. Idan ya yi yawa har ya bayyana a jiki da rawar kai, sai a kira shi zumuɗi, kuma wannan kalma tana ɗauke da ɗan zargi. Marmari sha'awa ce ta abin da aka daɗe ba a samu ba, ya fi tafiya da abinci, kuma da zarar an samu yakan kwanta. Wannan ne ya sa murnar kwanakin farko ba ta daɗewa: yawancinta ɗoki ne da marmari, su kuwa da an ga Umma an ci tuwo sun gama aikinsu. Kewa tana waiwaye ne, ita ce giɓin da mutum yake ji idan abin da ya saba da shi ya kau. Ba ta bukatar abin ya fi wani kyau, sabo kawai take bukata. Mutum yana iya kewar ɗan ƙaramin ɗaki mai sanyi da ya yi ta ƙorafi a kansa. Bege ya fi kewa zurfi, yana tafiya da ƙauna da girmamawa, shi ya sa aka fi jin sa a fagen addini da soyayya. Zulumi kuwa tunani ne mai nauyi game da abin da bai riga ya faru ba, fargaba ta fi shi kaifi da kusanci.

Wani abin sha'awa shi ne yadda Hausa take rarraba motsin rai a sassan mutum. Ciki shi ne mazaunin farin ciki da baƙin ciki, rai yakan ɓaci ko ya yi fari, hankali ya tashi ko ya kwanta, gaba ya faɗi, jiki ya yi sanyi. Saboda haka babu wani cin karo a ma'ana idan mutum ya ce yana farin ciki amma hankalinsa bai kwanta ba, domin kowanne da inda yake zaune.

Matsalar tana wajen zuciya. Idan aka ce mutum ya yi abu da zuciya ɗaya, ana nufin ya yi da gaskiya. Wanda aka ce yana da zuciya biyu kuwa, ana tuhumarsa da shakka ko rashin amana. Don haka ɗalibin da ya ji abu biyu a lokaci guda yakan tsorata da kansa, ya ɗauka cewa kewar wata ƙasa butulci ne ga iyayen da wataƙila sai da suka sayar da wani abu kafin ya tafi. Wajibi ne malami ya bambance wa ɗalibai waɗannan biyun. Zuciya biyu magana ce ta niyya. Haɗuwar murna da kewa kuwa magana ce ta sabo da wurare biyu.

5.0 Ginin Jimla

5.1 Mahaɗi

Nazarci waɗannan misalai:

(2a) Na yi murnar dawowa, amma ina kewar can.
(2b) Ina kewar can, amma na yi murnar dawowa.
(2c) Na yi murnar dawowa, ina kuma kewar can.
(2d) Ga murnar dawowa, ga kewar can.

Kalmomin kusan ɗaya ne, saƙon ya bambanta. Mahaɗin "amma" yakan ɗora nauyin magana a kan abin da ya biyo bayansa, ya rage ƙarfin abin da ya gabace shi. Uwar da ta ji (2a) abin da zai zauna mata shi ne ɗanta yana son komawa. Idan (2b) ta ji, hankalinta zai kwanta. A (2c) "kuma" ya jera abubuwan biyu ba tare da ya fifita ɗaya ba. Sigar (2d) ita ce mafi armashi, domin "ga… ga…" tana ajiye abubuwa biyu a gaban mai sauraro kamar kaya a faifai, kamar yadda ake cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wanda ya iya wannan siga ya sami hanyar faɗin gaskiyar ransa ba tare da ya ɓata wa kowa ba.

5.2 Alkiblar Aikatau

A rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960, aji na shida shi ne mai ƙarewa da wasalin -o, wanda yake nuna cewa aikin ya nufo inda mai magana yake: fita da fito, shiga da shigo, aika da aiko, koma da komo. Wannan yana nufin duk lokacin da Bahaushe ya yi maganar tafiya, nahawu yana tilasta masa ya bayyana inda ya ɗauka a matsayin cibiya. Ɗalibin da yake waje zai ce "zan koma gida". Idan ya sauka sai ya ce "na dawo". Amma a saurare shi bayan mako guda yana cewa:

(3a) Idan na je can, zan aiko muku da hotuna.
(3b) Idan na koma, zan aiko muku da hotuna.

A (3a) ƙasar wajen wurin ziyara ce. A (3b) ta zama wurin da ake komawa, ta shiga sahun gida. Sau da yawa mai maganar bai san ya yi wannan zaɓi ba, amma kunnen mahaifiya ba ya kuskure shi.

5.3 Wakilin Suna

A nan ne aka fi samun ɓacin rai.

(4a) Ku a nan ba ku san darajar lokaci ba.
(4b) Mu a nan ba mu cika kula da lokaci ba.
(4c) A nan ba a cika kula da lokaci ba.

Mai faɗin (4a) ya cire kansa daga cikin jama'arsa da kalma mai harafi biyu, kuma duk gaskiyar da ke cikin maganarsa ba za a ji ta ba. A (4b) ya sa kansa a cikin laifin, don haka ya sami damar yin gyara. A (4c) an yi amfani da lamirin da ba ya nuna kowa, wanda shi ne dattawa suka fi so idan za su yi suka. Wata huɗu a waje ba su isa su mayar da "mu" ta koma "ku" ba, kuma jama'a sun san haka, shi ya sa suke mayar da martani da habaici: "Sannu Bature", ko "Mutanen Turai an sauka".

6.0 Gaisuwa da Surkin Harshe

Koken da aka fi ji daga bakin waɗanda suka dawo shi ne babu wanda ya tambaye su labari. Alhali an yi ta tambayarsu. Ga misali:

Kaka: Lale, lale! Maigidana, ashe ba ka manta da ni ba? Ina tsarabata?
Jika: Sannu da gida, Kaka. Na same ku lafiya?
Kaka: Lafiya lau. Yaya hanya? Yaya ka baro mutanen can?
Jika: Suna lafiya, suna gaishe ku.
Kaka: Muna amsawa. To madalla. A kawo masa ruwa.

Mutanen can ba su taɓa jin labarin Kaka ba, balle su aiko mata da gaisuwa, amma babu mai cewa jikan ya yi ƙarya. Tun a 1923 Bronislaw Malinowski ya bayyana cewa akwai maganar da aikinta ƙulla zumunci ne, ba isar da labari ba. "Yaya hanya?" tana da amsa guda, kuma wanda ya tsaya bayanin yadda jirgi ya yi jinkiri a Adis Ababa ya karya ƙa'ida. Tsakanin uba da ɗa abin ya fi haka gajarta, saboda kunya: "Yaya karatun?" "Alhamdu lillahi, Baba." "To, Allah ya yi albarka." Wata huɗu sun ƙare a jimla uku. Uban ya nuna kulawa iyakar yadda al'ada ta ba shi dama, ɗan kuma ya tashi yana jin ba a tambaye shi komai ba. Labari a gidan Bahaushe yana da nasa lokaci, wato hirar dare ko zaman tsara da tsara, kuma yakan fito ne kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Shi ma ɗalibin yakan yi nasa kuskuren. Ya saba da gaisuwar kalma ɗaya a tsaye, sai ya wuce dattijo da ɗaga hannu, ko ya kafe shi da ido yana magana domin a can an koya masa cewa haka ne alamar gaskiya. Ga kuma batun abin da aka ɓoye masa. Duk da cewa yana magana da gida kullum ta WhatsApp, iyali da yawa ba sa gaya wa matafiyi rasuwa ko ciwo mai tsanani sai ya dawo, don kada karatunsa ya ruɗe. Sai ya zama a mako guda yana karɓar barka da zuwa, yana kuma yawon ta'aziyyar da kowa ya riga ya gama kukanta. Ɗaliba mace tana da ƙarin nata. Ta saba fita ɗakin karatu ita kaɗai ta dawo lokacin da ta ga dama, yanzu sai ta nemi izini ta kuma faɗi lokacin dawowa. Tana iya jin daɗin cewa akwai masu kula da ita, ta kuma ji ƙunci, duk a fita guda.

Game da surkin harshe, wanda ya dawo daga Ingila yakan riƙa jefa "oke" da "sori", na Masar ko Sudan "ya'ani" da "halas", na Faransa "dakor". Dole a bambance abubuwa biyu a nan. Binciken masana ya nuna cewa baligin da ya tashi da harshensa ba ya rasa nahawunsa don ya yi 'yan watanni a waje. Abin da yakan faru shi ne kalmar da aka fi amfani da ita kwanan nan ita take riga zuwa baki, kuma wannan yakan wuce da kansa. Wanda ya ce ya manta yadda ake cewa ruwa bayan zango ɗaya, wannan iyayi ne. Howard Giles, a shekarun 1970, ya nuna cewa mai magana yakan kusanta salonsa da na abokin maganarsa idan yana neman kusanci, ya nisanta shi idan yana son ya nuna bambanci. Sai dai akwai dalili na uku da ba a cika lura da shi ba: ɗalibin yana tsoron harshen da ya sha wahalar koyo zai zube, tunda babu wanda zai yi shi da shi. Wannan tsoro yana da tushe, domin harshe na biyu yakan yi rauni idan aka daina amfani da shi. Maganinsa karatu da sauraro da neman abokan hira a harshen, ba surka shi a gaban kaka ba.

7.0 Darasin a Hannun Malami

Tarihin aikin malanta a Arewa yana da misalan waɗanda suka je suka dawo. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, kuma bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Shekara guda kowannensu ya yi, ba wani dogon zama ba. Idon da ya ga wani wuri yakan ga abin da ido mazauni ya daina gani, kuma makaranta ce ya kamata ta fara cin moriyar wannan.

Ɗalibin wannan kwaleji ba sai ya hau jirgi zai gamu da batun ba. Wanda ya je koyon aikin koyarwa a wani gari na tsawon zango zai ɗanɗani kaɗan daga ciki. Bayan haka zai tarar a ajinsa da yaron da iyayensa suka dawo da shi daga Saudiyya ko Gana, ko ƙanen ɗaya daga cikin ɗaliban da aka kwaso daga Hartum a 2023 lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan, waɗanda ko sallama da abokansu ba su samu yi ba. Kada malami ya mayar da irin wannan yaro abin kallo, ya riƙa tayar da shi kullum ya faɗi yadda ake yi a can. Kada kuma ya bari 'yan aji su yi masa dariya don karin harshensa ya bambanta. Darasin insha'i shi ne wurin da ya fi dacewa a buɗe masa ƙofa. Kwatanta waɗannan sakin layi biyu:

(5a) Na yi farin ciki matuƙa da na dawo ƙasata abar ƙaunata. Babu inda ya kai gida daɗi. Kowa ya yi murna da ganina, ni ma na yi murna da ganin kowa.

(5b) Da asuba kiran salla ya tashe ni, na ji daɗin da na yi wata huɗu ban ji ba. Na miƙa hannu in kunna fitila, babu wuta. Sai na tuna ɗan ɗakina na can, na kuma ji kunyar tunawar, domin a daidai lokacin ina jiyo motsin Umma a kicin tana dama mini koko.

Babu kuskuren nahawu ko na ƙa'idar rubutu a (5a), amma kowa yana iya rubuta shi ko da bai taɓa fita ƙofar gari ba. Marubucin ya faɗi abin da yake zaton malami yana son ji. A (5b) ba a ambaci kewa ko sau ɗaya ba, duk da haka mai karatu ya ji ta, ya ji murna, ya kuma ji nauyin da ke tsakaninsu, saboda an nuna su ta hanyar kiran salla da fitila da koko. Malamai da yawa sukan ba (5a) maki mai yawa saboda ladabinsa, su ja jan layi a ƙarƙashin "babu wuta" a matsayin rashin kishin ƙasa. Malamin da ya yi haka sau biyu, ba zai sake samun irin (5b) daga ajinsa ba.

Aikin Yi

1. Bambance tsakanin kewa da bege da marmari, ka sa kowace kalma a jimloli biyu na ƙashin kanka.
2. Sake gina jimlar "Ku a nan kun cika ɓata lokaci wajen gaisuwa" ta hanyoyi biyu, yadda dattijo zai iya sauraronta ba tare da ransa ya ɓaci ba. Bayyana sauyin da ka yi a nahawunce.
3. Nemi wani da ya taɓa yin wata uku ko fiye a wata ƙasa ko wani gari mai nisa, ka saurari labarin makonsa na farko a gida. Rubuta inda ya yi amfani da "je" da "koma" da "dawo", da wurin da yake nufi da kowanne.
4. Rubuta insha'i mai kalmomi 300 a kan ranar da ka dawo gida bayan doguwar tafiya, ba tare da ka yi amfani da kalmomin "daɗi" da "amma" ba.